Likitan da ke tambayar abin da ka ci

Ciwon siliyak ba ya zuwa wa babba da fuska ɗaya. Wani gudawa ce da kumburin ciki. Wata cikinta lafiya lau a ganinta, sai ƙarancin jinin da ya ƙi jin magani, ga kasala, ga ɓari a kai a kai. Wani ƙuraje ne masu ƙaiƙayi a gwiwar hannu, ko gyambon baki, ko ƙashi ya yi rauni tun bai tsufa ba. A Tsafe ko Bungudu, mai irin wannan zai sha maganin tsutsar ciki, ya sha na taifot, ya sha na olsa, kafin ya dangana da babban asibitin tarayya na Gusau.

A nan gwanin likita yake burge ni. Ba ya saurin ɗaukar biro. Sai ya ce, "Hajiya, me kika karya da shi yau?" Shayi da burodi. Jiya fa? Taliya, fanke, alkaki. Ya tambayi ko akwai mai irin ciwon a dangi, domin yana bin jini. Ya duba fata, ya duba baki, ya haɗa abubuwan da majinyaciya ba ta taɓa zaton suna da alaƙa ba. Ya san sinadarin gulutin na alkama ne ke tunzura garkuwar jiki ta cinye shimfiɗar ƙaramin hanji, abinci ya riƙa wucewa jiki bai amfana ba.

Da irin wannan lura Willem Dicke, likitan yara a Holan, ya tabbatar da laifin alkama: a yunwar da aka yi a ƙasar a 1944 burodi ya yi wuya, yara masu ciwon da yake dubawa suka murmure, da burodi ya dawo ciwon ya dawo. Kuma ba ciwon Turawa kaɗai ba ne. Wani bincike na 1999 ya same shi a jikin fiye da kashi 5 cikin ɗari na yaran Saharawi, mutanen Yammacin Sahara, da aka gwada.

Maganin ciwon barin alkama da duk abin da ke da gulutin har abada, mu kuwa Allah ya hore mana gero, dawa, masara da shinkafa. Amma kada ka daina cin burodi kafin a gwada jininka, a ɗebi ɗan naman hanji a duba, domin in ka daina gwajin zai iya nuna ba ka da komai. Je ka ga likita tukuna.