3.2 Jigon Aiki Ba Don Sakamako Ba a Cikin Bhagavad Gita

Bhagavad Gita waƙa ce ta Sanskirit mai babi 18 da baiti 700. An gina ta bisa muhawara tsakanin Arjuna, wanda ya ƙi yaƙar danginsa a filin Kurukshetra, da Kirishna. Babban jigonta shi ne mutum ya sauke nauyin da ke kansa ba tare da kwaɗayin sakamako ba. Sai dai an kawo koyarwar ne domin mai tausayi ya koma fagen fama. Wannan ya raba kan manazarta: Tilak, a littafinsa na 1915, ya ɗauke ta kiran tashi tsaye, Gandhi kuwa ya fassara yaƙin da yaƙin zuciya. Ke nan, waƙar ta gyara niyyar mayaƙi, amma alhakin jinin dangi yana nan.