Rabi da 'Ya'yanta Tara: Bitar Alhaki Kuykuyo Ne

An daɗe ana jefa littattafan Hajiya Balaraba Ramat Yakubu cikin jerin littattafan soyayya, amma duk wanda ya karanta Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya fito a 1990, da idon mai iyali, zai ga cewa ba soyayya ce jigonsa ba. Labari ne na kuɗin cefane da kuɗin makaranta, da abin da ke samun yara ranar da maigida ya juya wa gidansa baya.

Da wannan littafi na kammala alkawarin da na ɗaukar wa kaina na shekara guda, cewa wata ba zai kama ya mutu ba sai na sauke littafin Hausa ɗaya. Ga uwa mai aiki a Daurawa, alkawari ne mai nauyi. Safiya ta shirya yara ce da tsaron adaidaita sahu a titin Maiduguri, yamma ta Islamiyya ce da girki, karatu kuwa sai bayan isha'i, ko 'yan shafuka a hanya kafin a kai Gyaɗi-Gyaɗi. Cikin littattafan da na sauke a shekarar, Magana Jari Ce na Abubakar Imam, na 1937, tare da yara muka karanta shi a bayyane, hikimar aku tana ba su dariya. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, na 1934, ina yarinya Umar nake bi, yanzu kuwa mahaifiyarsa na bi, matar da ta keta Sahara neman ɗanta. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid, na 1980, ya tuna mini wadda ta buɗe wa mata ƙofar ƙagaggen labari. Duk sun gamsar da ni, amma Alhaki ne ya hana ni barci.

Rabi matar Alhaji Abdu ce, ɗan kasuwa mai rufin asiri a Kano, 'ya'yansu tara. Abin da yake ajiyewa na cefane ba ya kai gidan ko'ina, ita ke cikawa da guminta, shi kuwa yana kashe wa kansa da matan waje. Ya auro Delu, macen da ta daɗe a bariki, rikici ya ɓarke, ya saki Rabi ya kore ta da yaranta. Rabi ta kama sayar da abinci, ta riƙe tarbiyya da karatun 'ya'yanta, har 'yarta Saudatu ta auri mai hali, Alhaji Abubakar. Sannan gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta watsar da shi, ya dawo neman wadda ya wulaƙanta.

Babbar gwanintar marubuciyar ita ce ta ɗauki wahalar uwa da muhimmancin da ta cancanta. Ba ta ce Rabi ta sha wuya ta wuce ba. Ta shigar da mai karatu madafa, ya ga yadda ake jan ɗan kuɗi ya ciyar da bakuna masu yawa, yadda ake neman jari, yadda kayan ɗakin 'ya mace ke hana uwa runtsawa. Harshenta na cikin gida ne: habaici tsakanin kishiyoyi, gugar zana, shawarar 'yan'uwa mata a tsakar gida. Mutanenta suna magana kamar maƙwabtanmu, shi ya sa babi ke ƙarewa ba ka ankara ba. Wannan sauƙin ba ƙaramin alheri ba ne ga mai karatun da gajiya ta riga ta ci rabin ƙarfinta.

Haƙurin Rabi ma ba na naɗe hannu ba ne. Tana kuka, tana fushi, tana mayar da magana, sannan gari ya waye ta hura wuta. A nan na ga bambancin littafin da labaran da ke nuna mace tagari a matsayin wadda ba ta da baki.

Marubuciyar ta san abin da take faɗa. Ƙanwar marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed ce, an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya, auren ya mutu, daga baya ta nemi ilimi ta ajin yaƙi da jahilci a Kano. Tana cikin marubutan ƙungiyar Raina Kama tare da Ado Ahmad Gidan Dabino, a zamanin da wasu masana ke kiran irin rubutunsu adabin kasuwar Kano. Lokaci ya yi mata shaida: an mayar da labarin fim a 1998, kuma a 2012 kamfanin Blaft na ƙasar Indiya ya buga fassarar Turanci da Aliyu Kamal ya yi. A shekarar ce kuma gwamnatin Kano, ta hannun Hisba, ta fara auren zawarawa. Matsalar da hukuma ta tashi magancewa a 2012, Balaraba ta riga ta shimfiɗa ta a takarda tun 1990.

Littafin bai rasa rauni ba. Delu ba ta da fuska biyu, mugunta ce tsantsa, ba a nuna mana abin da ya jefa ta bariki ba, alhali marubuciyar da ta fahimci Rabi haka tana iya fahimtar da mu Delu. Sauƙin da gidan ya samu ta auren Saudatu ya zo da sauri, har yana neman rage darajar gumin Rabi, kamar suruki mai kuɗi ne mafitar bazawara. Gobarar kuwa ba na ganinta a matsayin gaggawar hukunta mugu. Wanda ya ga yadda wuta ta lashe kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ya san dukiyar ɗan kasuwa tana iya zama toka a dare ɗaya.

Inda masu karatu suka fi rabuwa shi ne ƙarshen labarin. Rabi ba ta son komawa, amma maza na danginta suka matsa mata, aka haɗa ta da darajar 'ya'ya, ta koma. Wasu na ganin marubuciyar ta ja da baya. Ni a ganina nan ne ta fi faɗin gaskiya. Da ta bar Rabi ta yi tafiyarta, da mun rufe littafin da sanyin zuciya mun manta. Sai ta nuna mana yadda abin ke ƙarewa a gidajenmu: alhaki ya kama wanda ya ɗauke shi, amma wadda aka zalunta ita ake sake ɗora wa ɗawainiyarsa, kuma masu cewa ta yi haƙuri yau ba su tsaya mata haka ba ranar da aka watso kayanta waje.

Shi ya sa nake ganin ba mata ne suka fi buƙatar littafin nan ba. Mata sun san Rabi, wata yayarsu ce, wata mahaifiyarsu. Magidanta da samari masu shirin aure, da waliyyan da ake kai wa ƙara, su ya kamata su karanta shi. Ba shi da tsawon da zai gagari mai hidima, ko shafi kaɗan ake yi kowane dare za a sauke shi. Wanda ya sauke shi kuwa, in aka kawo masa maganar sulhu gobe, kafin ya ce wa mace ta yi haƙuri zai fara tambayar wa ya ciyar da yaran a shekarun da uban ya ɓace.