Gaibu da *surnaturel*: sharhi a kan wata fassara

Masu shirya littattafan yaƙi da jahilci sukan ci karo da kalmar Faransanci *surnaturel*, kuma akan fassara ta da "abin da ya wuce halitta". Wannan fassara ta bi ƙirar kalmar sau da ƙafa, amma ta kauce wa yadda Bahaushe ya kasa duniya.

Asalin kalmar daga Latinanci yake: *super*, wato bisa, da *natura*, wato ɗabi'ar da aka haifi abu da ita. Malaman Kirista na Turai, musamman Toma Akwinas a ƙarni na 13, su suka daidaita ma'anarta, domin rarrabe aikin Ubangiji da abin da halitta ke iyawa da kanta. Rabo ne na sama da ƙasa.

Rabon Hausa kuwa na sarari da ɓoye ne. *Gaibu* aro ne daga Larabci, daga saiwar *gh-y-b* mai nufin rashin halarta. Sautin *gh* ya koma *g*, kamar a *gafara* da *magariba*. Daga wannan saiwa *giba* ta fito, wato cin naman mutum a bayan idonsa. Ke nan gaibu shi ne abin da ya faku ga ido da sani. Lokacin mutuwar mutum gaibu ne, alhali mutuwa ba ta saɓa wa ɗabi'a ba. Babu mai kiran wannan *surnaturel*.

Kalmomin gida ma nan suka dosa. *Iska* ana jin ta, ba a ganin ta, shi ya sa sunanta ya hau kan iskokin bori, waɗanda ake sakayawa da *mutanen ɓoye*. Ƴan bori suna ba su sunaye da dangi, har da gari, Jangare. A Musulunci kuma aljani halitta ne, daga wuta aka yi shi. Wanda ya ce aljani "ya wuce halitta" ya ɗora shi a matsayin da mai karatu ya keɓe wa Mahalicci kaɗai, kuma ɗalibi dattijo ba zai yarda da littafin da ya faɗi haka ba.

Saboda haka ya kamata mai fassara ya duba abin da jimla take nufi. In ɓoyayyen al'amari ne, *gaibu* ya wadatar. In aiki ne wanda ya saɓa wa al'ada, Hausa tana tambayar hannun da ya fito: na annabi *mu'ujiza*, na waliyyi *karama*, na matsafi *tsafi* ko *sihiri*. In ba a san mafarinsa ba, sai a ce *abin al'ajabi*.