Gidan Tarihin 11 ga Satumba: Kuɗi da Kalma

Gidan tarihin da aka gina a birnin Niyok domin tunawa da waɗanda harin 11 ga Satumba, 2001 ya rutsa da su ya cancanci a yi masa nazari irin wanda akan yi wa littafi, domin kuwa yana da tsari, yana da rubutu, yana kuma da mai ɗaukar nauyinsa. An buɗe dandalin tunawar a 2011, shi kuwa gidan tarihin a watan Mayu na 2014, bayan an kashe kimanin dala miliyan 700.

Dandalin shi ne ya fi armashi a aikin baki ɗaya. Michael Arad da Peter Walker sun mai da gurbin dogayen benayen nan biyu manyan tafkuna masu kwararar ruwa, aka kewaye bakinsu da tagulla mai ɗauke da sunaye 2,983, har da na mutum shida da harin 1993 ya hallaka. Ba a bi tsarin abacada ba wajen jera sunayen. An ajiye mutum kusa da abokin aikinsa ko amininsa, bisa roƙon iyalai. Suna tsurarsa ba ya yin sharhi, saboda haka kowa na iya tsayawa a gabansa, kuma ba a biyan ko anini.

Da zarar an gangara ƙasa zuwa gidan tarihin, sai magana ta sake. Gidauniya mai zaman kanta ce ke gudanar da wurin, kuma lokacin buɗewa an kiyasta zai riƙa cin wajen dala miliyan 60 a shekara. A 2011 Sanata Daniel Inouye ya gabatar da shirin doka don gwamnatin tarayya ta riƙa ba da dala miliyan 20 duk shekara, amma Sanata Tom Coburn ya tare shi. Dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019 tallafi kawai ta tanada, wanda bai kama ƙafar hidimar ba. Wato dai nauyin ya koma kan ƙofa da kanti: kuɗin shiga dala 24 a 2014, da kayan tsaraba, ciki har da wani faranti mai siffar taswirar Amurka da aka janye bayan an yi ca a kansa. Abin lura shi ne, a cikin wannan ginin ne, bayan wani bango, aka adana sassan gawarwakin da ba a gane masu su ba. An yafe wa iyalai kuɗin shiga, gaskiya ne, amma maƙabarta da kasuwa ba su cika zama inuwa ɗaya ba. Da annobar 2020 ta hana baƙi zuwa, sai da aka sallami ma'aikata.

Sai dai wanda ya ɗauka rashin kuɗin gwamnati ya tsare wurin daga tuntuɓen harshe bai karanta bangon ba. An rubuta baiti guda na Virgil da ƙarfen rusassun benayen, alhali masana adabin Latin sun nuna cewa a littafi na tara na Aeneid baitin yana yabon Nisus da Euryalus ne, mayaƙa biyu da suka far wa abokan gaba cikin dare suna barci. Baitin da aka ciro daga muhallinsa ke nan, laifin da malami ba zai yafe wa ɗalibi ba. Har ila yau, gajeren fim ɗin da ke bayanin tasowar Alƙa'ida ya yi amfani da kalmar jihadi ba tare da fayyace faɗin ma'anarta ba, har kwamitin malaman addinai da aka nemi shawararsa ya koka, wani limami ya fice daga cikinsa a 2014. An nuna fim ɗin duk da haka.

A 2025 Fadar Shugaban Amurka ta tabbatar cewa ta fara duba yiwuwar karɓe wurin, shugabannin gidan kuwa suka nuna ba su amince ba. Tsoronsu yana da hujja, tun da gwamnati takan sauya, kuma kowace da irin labarin da take so a bayar. Abin da ya kamaci baitulmali shi ne ya ɗauki abubuwan da ba su magana, wato tsaro da ruwan tafkuna da kula da ɗakin gawarwaki, har a sauke kuɗin ƙofa. Rubutun bango da muryar fim kuwa a bar su ga masana tarihi da harshe da iyalan mamatan, a kuma rubuta wannan iyaka cikin dokar da za ta saki kuɗin.