Jerin Kalmomi da Sha'anin Tunawa: Nazari a kan Tafarkin Binciken Henry Roediger

A shekarar 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓin sauti marasa ma'ana, yana auna saurin zubewarsu daga kansa. Daga nan masu binciken tunawa suka gaji wata al'ada: a zaunar da mutum a ɗaki, a ba shi jerin kalmomi, a jira ɗan lokaci, sannan a ƙirga nawa ya riƙe. An daɗe ana sukar wannan hanya. Frederic Bartlett na Jami'ar Cambridge ya guje mata a littafinsa na 1932, ya koma ba mutane labari yana duba yadda suke sauya shi in sun zo maimaitawa. A ƙarshen shekarun 1970 kuma Ulric Neisser ya zargi abokan aikinsa da barin tambayoyin da suka dami mutane.

Duk mai son ya san ko wannan suka ta yi daidai, aikin Henry Roediger ya kamata ya duba. An haife shi a 1947 a jihar Virginia ta Amurka, ya sami digirin digirgir a Jami'ar Yale a 1973, ya koyar a Purdue da Rice, kuma a 1996 ya koma Jami'ar Washington da ke St. Louis. Bai taɓa yasar da jerin kalmomi ba, amma da su ya taɓo manyan al'amura.

A 1995 shi da Kathleen McDermott suka farfaɗo da wata dabara da James Deese ya fara amfani da ita a 1959. Ana karanta wa ɗalibai kalmomi 15 da duk suke kewaye da wata kalma guda wadda ba a ambata ba: gado, gajiya, mafarki, bargo, minshari, hamma, amma babu "barci". In an ce su rubuta abin da suka ji, sai barcin ya faɗo. A gwaji na biyu, kashi 55 cikin 100 na lokutan sun kawo kalmar da ba a furta ba. Da yawansu ma cewa suke yi suna tuna ainihin lokacin da suka ji ta, ba zato suke yi ba. Mutum mai hankali da gaskiya yana iya rantsuwa a kan abin da bai faru ba, ba tare da niyyar ƙarya ba. Sai dai a yi hattara. Ƙara kalma ɗaya a jeri daban ne da ƙago aukuwa sukutum a tarihin rayuwa, kuma masu kai wannan gwaji kotu a matsayin hujjar rushe kowace shaida sun ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa.

Aikinsa da ya fi shiga makarantu shi ne na 2006 tare da Jeffrey Karpicke. Sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi ta karanta shi a zama huɗu, wasu kuma zama ɗaya suka yi na karatu, a sauran zama ukun suka ajiye takarda suna rubuta abin da suka tuna. Bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda lamarin ya juye: masu karatu sun riƙe kashi 40, masu tunowa da ka sun riƙe kashi 61. Kuma masu maimaita karatun su ne suka fi amincewa cewa za su tuna. A 2008 mutanen biyu suka sake gwadawa da kalmomin Sawahili 40 da fassararsu. Waɗanda aka ci gaba da tambayarsu sun tuna kusan kashi 80 bayan mako, waɗanda aka daina tambayarsu da zarar sun amsa daidai sau ɗaya ba su kai kashi 40 ba.

A ganina binciken 1995 da na 2006 magana ɗaya suke yi. Jin da mutum yake yi a ransa cewa ya san abu ba shaida ce abin dogaro ba. Shi ne yake sa a rantse da kalmar da ba a ji ba, shi ne kuma yake sa ɗalibi ya rufe littafi da murna don idonsa ya saba da shafin. Tunawa aiki ne da ƙwaƙwalwa take yi sabo a kowane karo, kamar turbar da sawu ke fitarwa a daji: bin ta ne yake raya ta, kuma in aka karkace sau da yawa, karkatacciyar ce za ta zauna.

Ba Roediger ne ya gano amfanin tunowa da ka ba, kuma bai yi da'awar haka ba. Arthur Gates ya nuna amfanin biya karatu da ka tun 1917, Herbert Spitzer ya gwada shi a kan yara sama da 3,000 a jihar Iowa a 1939. Sakamakon ya kwanta shekaru da dama ba tare da malamai sun ji labarinsa ba. Wannan babban laifi ne na wannan al'ada ta bincike: ta saba magana da kanta a cikin mujallun da malamin aji ba ya gani. Roediger ya yi ƙoƙarin gyara hakan. Shi da abokan aikinsa sun kai gwajin azuzuwan wata makarantar garin Columbia a jihar Illinois, sannan a 2014 ya fitar da littafin Make It Stick tare da Mark McDaniel da marubuci Peter Brown, cikin harshen da kowa zai gane.

Duk da haka akwai giɓi. Yawancin waɗanda aka yi gwaje-gwajen ɗaki a kansu ɗaliban jami'o'in Amurka ne, rubutun gajere ne, jiran kuma kwanaki ne. Mai karatu Bahaushe zai tuna tsangaya, inda ba a wanke allo sai almajiri ya biya da ka a gaban malam, kuma gardi yake bitar haddarsa da tilawa shekara da shekaru. Wannan riƙo ne na tsawon rai, irin wanda gwajin mako guda ba ya iya aunawa. Tsangaya ta kuma riƙe wani sharaɗi da binciken kansa ya tabbatar: dole a sami mai gyara, domin tunowa tana ƙarfafa kuskure kamar yadda take ƙarfafa daidai.

Abin da nake tsoro shi ne a fahimci wannan aiki a matsayin kira ga ƙarin jarrabawa mai firgita yara. Gwajin da Roediger yake nufi ƙarami ne, ana yin sa a kai a kai, babu hukunci a bayansa, kuma ana bin sa da gyara. Malamin da zai ware minti 5 a farkon darasi ya ce a rufe littafi kowa ya rubuta abin da ya tuna daga jiya, sannan ya bi ya gyara musu, ya yi aiki da wannan bincike ba tare da ya kashe ko kwabo ba.