Shirun allo ba shi ne lafiyar manhaja ba

Matasan Kano masu haɗa manhajar waya sun rungumi ɗabi'a mai kyau: suna dasa Crashlytics ko Sentry a cikin aikinsu, domin duk sanda manhaja ta mutu a hannun mai ita, rahoto ya iso musu da kansa. Ina murna da haka. Damuwata ita ce da yawa dasawa kawai suke yi, ba sa gwada ko rahoton na isowa, balle su duba abin da ya ƙunsa.

A ɗauki manhajar da aka yi wa manoman shinkafa da tumatir na Kura, Bunkure da Kadawa, masu noman rani da ruwan madatsar Tiga. Wayar galibinsu Itel ce ko Tecno mai ƙaramin ma'aji, sabis ya zo ya ɗauke, data kuma sai an yi tattali. Crashlytics, wadda Google ya saya daga Twitter a 2017, tana ajiye rahoton ne a waya, sai an sake buɗe manhajar ta aika shi. Manomin da ya fusata ya goge manhajar ya tafi da rahotonsa ke nan. Kundin bayanan da ke rakiyar rahoton ma bai wuce kilobayit 64 ba. In ya cika, tsofaffin layuka ake zubarwa. Wanda ya cika shi da surutu zai nemi matakin da ya jawo matsalar ya rasa.

Mai ban ruwa ba ya buɗe ƙofa ya koma gida, sai ya bi magudana ya ga ruwa ya kai gonar ƙarshe. To, a kashe manhajar da gangan, kamar yadda Crashlytics da kanta ta tanada, amma a ƙaramar waya, data a rufe, a bakin gona. Sannan a kunna data, a sake buɗe ta, a duba: rahoton ya iso? Ya nuna abin da mutum ya latsa kafin ta mutu? Babu lambar waya, NIN ko BVN a ciki? Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kan wannan, kuma amana ce tun kafin doka.

Ku kuma ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwar da ke ba da kwangilar manhaja, daga Kumbotso har Bunkure, kada ku biya cikon kuɗi sai an kashe ta a gabanku, an nuna muku rahoton ya fito a allo.