Matafiyi Da Idonsa: Tsokaci Kan Labarin Ibn Batuta A Tsibiran Maldif Da Ƙasar Sin

Cikin rassan adabinmu na zube, da wuya a sami wanda aka bari a baya kamar labarin tafiya. Tun bayan da Alhaji Abubakar Imam ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi a kan ziyarar da ya kai Ingila a 1943, Malam Aminu Kano kuma ya biyo da Motsi Ya Fi Zama, wannan reshe bai yi wani yaɗo na a zo a gani ba. Kuma ba tafiyar ce ta yi ƙaranci ba. A yau akwai ɗan kasuwar da ya san lungunan birnin Gwanzu na ƙasar Sin kamar yadda ya san na Kantin Kwari, ga ɗalibanmu a Kwala Lamfur, ga masu neman magani a Delhi, ga kuma masu hannu da shuni da ke zuwa shan iska a bakin teku a Tailan ko tsibiran Maldif.

To amma idan ɗayansu ya dawo ya ɗauki alƙalami, me muke samu? Jirgi ya tashi ƙarfe kaza, ya sauka ƙarfe kaza. Otal ɗin ya haɗu. Tagwayen benen Petronas masu hawa 88 sun sa hula ta faɗi. Yashin bakin teku fari fat, ruwan garai-garai. Mai karatu zai kai ƙarshen labari bai gamu da ɗan ƙasa ko ɗaya ba, in ban da direban tasi da yaron da ya ɗauki jaka. Wannan ne ya sa muka ga ya kyautu mu ɗauko wa 'yan'uwa marubuta wani tsohon matafiyi da ya taka waɗannan wurare kusan shekara 700 da suka wuce, mu duba inda ya yi gwaninta da inda ya gaza.

An haifi Ibn Batuta a Tanja ta ƙasar Maroko a 1304, ya bar gida a 1325 da niyyar aikin Hajji, bai kuma ajiye sandar tafiya ba sai bayan kusan shekara 30. Ya yi alƙalanci a Delhi ƙarƙashin Sarki Muhammadu bin Tugluƙ, wanda daga bisani ya tura shi jakadanci ƙasar Sin. A tashar Kalikut guguwa ta halaka jiragen da ke ɗauke da kyaututtukan sarki. Da ya ga komawa Delhi hannu rabbana ganganci ne, sai ya yi ta gararamba a gaɓar tekun Indiya, har ya faɗa tsibiran Maldif wajen 1343. Littafinsa, wanda aka fi sani da Rihla, ba shi ya rubuta da hannunsa ba. Shifta ya yi wa wani marubuci mai suna Ibn Juzayyi bisa umarnin Sarkin Fas, Abu Inan, aka kammala wajen 1355.

A ra'ayinmu babin Maldif na cikin mafi armashi a littafin duka, dalili kuwa shi ne mutumin da ya iso bakin teku bai tsaya kallon ruwa ba, sai ya tambaya: da me mutanen nan suke ci? Ya ba mu labarin kifin da suke dafawa su ƙyafe su busar, a kai shi Indiya da Sin da Yaman. Ya ba mu labarin igiyar ɓawon kwakwa daki-daki: a binne ɓawon a rami kusa da ruwa har ya yi laushi, a daka shi da kulki, mata su murza, a tuƙa igiyar da ake ɗinke katakon jirgin ruwa da ita a maimakon ƙusa. Har dalili ya kawo, wato tekun na da duwatsu a ƙarƙashi, jirgin da aka buga da ƙusa in ya yi karo sai ya tarwatse, wanda aka ɗinka kuwa yana da danƙo.

Sai kuma maganar wuri, wadda ta fi shafarmu. Ya ce mutanen tsibiran suna tsamo shi daga teku, su zuba a ramuka har naman cikin ya ruɓe ya bar farin ƙoƙon. Suna musayarsa da shinkafa a wurin mutanen Bangal, 'yan Yaman kuma su loda shi a gindin jiragensu a maimakon yashi don jirgi ya zauna daidai a ruwa. A can, in ji shi, dinari ɗaya na zinariya yana sayen wuri 400,000, wani lokaci ma fiye. Nan take kuma ya tuna wa mai karatu cewa ya ga wannan wuri a Mali da Gawo ana ba da 1,150 a dinari. Dubi abin da lamba biyu kacal suka yi. Sun nuna mana nisan hanya, da wahalar teku da sahara, da ribar fatake, ba tare da marubucin ya ce uffan a kan ko ɗaya ba. Mu da kalmar kuɗi a harshenmu jam'in wuri ce, kuma mafi yawan wurin da kakanninmu suka ƙirga daga waɗannan tsibirai ya fito kafin a fara shigo da na Zanzibar a ƙarni na 19, ai bai kamata ɗayanmu ya je Maldif ya dawo da labarin yashi kawai ba.

Sai dai fa ba a nan gizo ke saƙa ba. Ibn Batuta bai daɗe ba aka naɗa shi alƙalin tsibiran, a zamanin wata sarauniya mai suna Khadija, ya kuma auri mata huɗu, wasunsu daga manyan gidaje. Daga nan idon matafiyi ya fara lumshewa, na mai mulki ya buɗe. Yana ba mu labarin bulalar da ya sa aka yi wa masu ƙin zuwa Juma'a, da yadda ya hana matar da aka saka ci gaba da zama a gidan tsohon mijinta, da yadda ya yi ƙoƙarin sa mata su rufe jikinsu na sama abin ya faskara. Mun yaba masa da bai ɓoye wannan gazawa ba, kamar yadda bai ɓoye cewa bayan ya ɓata da waziri ya bar ƙasar, ya je yana zuga wani sarki a kudancin Indiya ya kawo wa tsibiran yaƙi ba. Marubuta kaɗan ne za su tona wa kansu asiri haka. Amma duk tsawon babin ba mu ji muryar ko ɗaya daga cikin matan nan ba, har da waɗanda ya aura ya saki ranar tafiya. Mun san farashin wuri, ba mu san abin da ke ran mai tsintarsa ba.

Babin ƙasar Sin ya fi rauni, kuma shi da kansa ya faɗi dalili: ƙasar duk da kyanta ba ta kwanta masa ba, ganin al'adun da ba na Musulunci ba ya dame shi, har ya zama ba ya fita daga masauki sai da larura. Mutumin da ke ɗaki kuwa me zai gani? Duk da haka ya tsinto abubuwa masu daraja, kamar kuɗin takarda da ake ciniki da su a lokacin da duniyar da ya fito ba ta san wannan ba, da girman tashar jiragen Zaitun, da tangaran, da yadda ake rubuta sunan kowane baƙo a masauki da daddare a sake ƙirgawa da safe, da unguwar Musulmi a birnin da ya kira Sin Kalan, wato Gwanzu ta yau, mai masallacinta da kasuwarta da alƙalinta. Daga nan zuwa arewa kuma labarin sai ya zama hazo. Masana da dama suna shakkar ko ya kai birnin Beijin ma, domin abin da ya faɗa a kan mutuwar sarkin Sin da jana'izarsa bai dace da tarihin ƙasar ba. An kuma gano cewa a wasu babobin na farko, kamar na Dimashƙa da Makka, an kwaso zance daga littafin Ibn Jubairu wanda ya riga shi da fiye da shekara 100. Ko laifin mai shifta ne ko na mai rubutawa, illar ɗaya ce: inda ƙafarsa ta taka rubutun yana da gishiri, inda aka ara kuwa lami ne.

Wani zai ce ai zamani ya canza, mai zuwa hutun mako guda ba zai ga abin da mai zaman watanni ya gani ba. Gaskiya ne, har ma an tsara wuraren ne don kada ya gani. Tun da aka buɗe masaukin baƙi na farko a Maldif a 1972, tsarin shi ne kowane otal da tsibirinsa, nesa da garuruwan 'yan ƙasa, sai wajen 2009 aka ba da damar buɗe ƙananan masaukai a tsibiran da mutane ke zaune. Amma wannan shi kansa labari ne. Wa ke share yashin nan kafin baƙo ya tashi barci? Da yawa daga cikin leburorin ƙasar 'yan ci-rani ne daga Bangaladash. Ina sharar otal ke zuwa? Akwai wani tsibiri kusa da Male, babban birnin ƙasar, mai suna Tilafushi, wanda da shara aka cike shi tun daga 1992. A Tailan kuma sai da hukuma ta rufe gaɓar Maya a 2018 saboda ɓarnar da cunkoson 'yan yawon buɗe ido ya yi wa halittun ruwa, ba a sake buɗewa ba sai farkon 2022. Tambaya ɗaya ga mai kawo shayi ta isa ta buɗe ƙofar irin waɗannan.

Haka ma Gwanzu. Ɗan kasuwarmu da ke kwana a unguwar Shawbei, inda 'yan Afirka suka yi sansani, ya fi Ibn Batuta sanin birnin nesa ba kusa ba. Ya san yadda ake ciniki da na'urar lissafi tsakanin mutum biyu da ba sa jin harshen juna, ya san inda ake samun abincin halal, wataƙila ya yi Juma'a a tsohon masallacin Huwaishen. Wannan ilimi yana nan a bakin mutane a rumfunan kasuwa, ana ba da shi kyauta a wurin shan shayi, kuma marubuci na iya zama da mai shi ya rubuta, kamar yadda Ibn Juzayyi ya zauna da nasa matafiyin.

Babin Maldif bai da tsawo, Larabcinsa kuma ba mai tsauri ba ne in aka tsallake adon da Ibn Juzayyi yake ƙarawa nan da can. Muna da membobin da suka yi karatun Larabci mai zurfi. Da ɗayansu zai zauna ya mayar mana da shi Hausa, da shafi goma sha kaɗan sun ɗauke shi, a kuma buga shi kashi biyu a wannan mujalla.